Tumaki 26, Awaki 10: Aikin Malamin Aji da Mai Bincike Kan Lissafin Firamare

A wajajen 1980, wata cibiyar nazarin koyar da lissafi da ke birnin Grenoble na Faransa ta ba 'yan aji biyu da aji uku na firamare wata tambaya: a cikin wani jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, to shekarun matuƙin jirgin nawa? Cikin yara 97 da aka tambaya, 76 sun haƙo amsa daga lambobin nan biyu, irin su 36 ga wanda ya tara. Yaran nan lafiyarsu ƙalau. Makaranta ce ta cusa musu, ba da gangan ba, cewa duk abin da malam ya rubuta a allo yana da amsa, amsar lamba ce, kuma ana samunta ne idan aka saka wata alama tsakanin lambobin da aka gani. Labarin da ke kewaye da lambobin kuwa ado ne kawai.

A farkon shekarun 1980 ɗin dai, wata jarrabawar ƙasa a Amurka ta tambayi 'yan shekara 13: sojoji 1,128 za a kai filin atisaye, kowace bas tana ɗaukar 36, bas nawa ake bukata? Kusan kashi 70 cikin ɗari sun yi rabawar daidai. Amma kashi 23 kacal suka ce bas 32. Kashi 29 sun rubuta "31 saura 12", suka ajiye biro, kamar akwai wata mota a duniya mai suna saura sha biyu.

Ƙara yawan aikin gida ba ya maganin wannan cuta, domin ba a hannun yaro take ba, a fahimtarsa take. Kuma mutum biyu ne kowannensu yake ganin rabinta. Malamin aji yana ganin amsar kuskure kullum, ya ja mata jan biro, amma da yara saba'in a gabansa ba shi da sararin tambayar kowa yadda aka yi ya kai ga wannan amsa. Mai bincike na jami'a ya san nau'o'in kuskuren da sunayensu, ya karanta abin da aka gano a ƙasashe goma, sai dai bai taɓa riƙe aji uku da ƙarfe goma sha biyun rana ana zafi ba. Ita kanta cibiyar ta Grenoble ɗaya ce daga cikin cibiyoyin binciken koyar da lissafi, da ake kira IREM, da Faransa ta fara kafawa a ƙarshen shekarun 1960 don malaman makaranta da na jami'a su zauna tebur ɗaya.

Abin da mai bincike yake zuwa da shi

Misali mafi tsafta shi ne aikin Thomas Carpenter da Elizabeth Fennema da abokansu a Jami'ar Wisconsin. Sun nuna cewa tambayoyin tarawa da ɗebewa da ke zuwa cikin labari sun kasu gida 11, kuma wahalarsu ta bambanta ko da lambobin iri ɗaya ne. A duba waɗannan uku. Audu yana da dabino 5, aka ƙara masa 8, nawa yake da su yanzu? Audu yana da dabino 5, nawa za a ƙara masa su zama 13? Audu yana da wasu dabino, aka ƙara masa 5 suka zama 13, da nawa ya fara? Babba yana ganin ta biyu da ta uku duk 13 ne a ɗebe 5. A wurin yaro ɗan shekara shida ba haka abin yake ba. Yana bin labarin ne daki-daki da yatsu ko tsakuwa. A ta farko zai ajiye 5, ya ajiye 8, ya ƙirga duka. A ta biyu zai ajiye 5, ya yi ta ƙarawa har 13, muddin ya ware abin da ya ƙara a gefe. A ta uku kuwa sai ya yi turus, domin labarin ya fara da abin da ba a sani ba, babu abin da zai fara ajiyewa a ƙasa.

Sun kuma bi matakan da yara ke hawa: daga kwaikwayon labarin da abubuwa, zuwa ƙirge daga lamba (ya riƙe 8 a ka, ya ce tara, goma, sha ɗaya), zuwa jingina da abin da aka riga aka sani, kamar yaron da zai ce 6 da 7 sha uku ne, tunda 6 da 6 sha biyu ne sai a ƙara ɗaya. A binciken da suka wallafa a 1989, malaman aji ɗaya 40 ne suka shiga, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi suka yi bitar wata guda kan wannan ilimi na tunanin yara. Ba a ba su tsarin darasi su haddace ba. Da suka koma aji sai suka ƙara lokacin tambayoyin labari, suka rage na hadda. Ɗalibansu suka fi na ɗaya rukunin iya warware tambayoyi, kuma abin mamaki, har a haddar lambobin ma sun fi su.

Daga wannan zuri'ar aiki ne aka fito da wata 'yar tambaya da ta kamata kowane hedimasta ya gwada a makarantarsa: 8 + 4 = □ + 5. Yara da yawa, har 'yan aji shida, 12 suke sakawa a akwatin, wasu 17. Sun ɗauki alamar daidai a matsayin umarni, wato "ga amsa nan tafe", ba a matsayin sikeli mai ɓangare biyu ba. Wata malamar firamare, Karen Falkner, tana cikin waɗanda suka rubuta wannan rahoto a 1999, kuma a ajinta aka bi yadda yara ke sauya wannan fahimta.

Wani kayan aikin mai sauƙi shi ne na Anne Newman ta Ostireliya, daga 1977. A zaunar da yaron da ya ba da amsar kuskure, a bi shi da abu biyar: ya karanta tambayar da ƙarfi, ya faɗi abin da ake nema da bakinsa, ya faɗi yadda zai nemo shi, ya yi lissafin yana bayani, sannan ya rubuta amsa. Inda ya fara tuntuɓe, nan ciwon yake. Ta gano kusan rabin kura-kuran yaran da ta yi hira da su sun auku ne tun kafin a zo kan lissafin kansa. Minti biyar zuwa goma hirar take ci a kan kowane yaro. Malami ba zai iya yi wa aji duka ba, amma idan shi da mai bincike suka raba yara goma sha biyu tsakaninsu, kafin a tashi sun san ko matsalar ajin ta karatu ce, ta fahimta ce, ko ta ɗebewa da aro.

Yadda Japanawa suke yin nasu

Duk wannan ilimi yana iya ƙarewa a cikin mujalla. Ƙasar da ta fi kowa samun hanyar shigar da shi aji ita ce Japan, ta hanyar abin da suke kira jugyo kenkyu, wato nazarin darasi. Al'adar ta samo asali tun shekarun 1870, amma sai bayan nazarin bidiyon azuzuwa na 1995 na TIMSS, wato binciken ƙasa da ƙasa kan lissafi da kimiyya, da littafin da James Stigler da James Hiebert suka fitar a 1999, sauran duniya ta waiwayo ta.

Malamai huɗu zuwa shida ne suke haɗuwa, su shafe makonni suna shirya darasi guda na minti 45. Wanda bai sani ba zai ce ɓata lokaci ne. Amma mafi yawan makonnin nan ba a rubuta tsarin darasi suke tafiya ba. Suna tafiya ne wajen tonon batun: me yaran suka koya a ajin baya, ina wannan batu zai kai su a aji na gaba, me littattafai daban-daban suka yi da shi, me bincike ya ce. Nan ne mai bincike yake da amfani na farko, domin shi ya san inda takardun suke, kuma zai iya taƙaita su a shafi biyu.

Sai zaɓen lambobi, wanda a ganina shi ne wurin da ake gane ƙungiyar da ta san abin da take yi. Ɗebewar da ake cire lamba guda daga sha-wani-abu har a taɓa goma, daga 11 − 2 zuwa 18 − 9, guda 36 ce cif. Da wacce za a fara? Littattafan Japan sun saba farawa da 13 − 9 ko 12 − 9. Dalili shi ne 9 tana dab da 10, don haka yaro zai ga sauƙin raba 13 zuwa 10 da 3, ya cire 9 daga 10 saura 1, ya haɗa da 3 ya sami 4. Da an fara da 12 − 3, yawancin yara ƙirgawa baya kawai za su yi da yatsu, sha ɗaya, goma, tara, su sami amsa daidai ba tare da sun koyi komai game da goma ba. Sai daga baya ake kawo irin 12 − 3 don wata dabarar, ta cire 2 a sauka kan 10, sannan a cire 1.

Bayan an zaɓi tambaya, ƙungiyar za ta zauna ta rubuta duk hanyar da take zaton yara za su bi, daidai da kuskure, da abin da malami zai ce idan kowacce ta bayyana. Wannan shafi shi ne zuciyar shirin. A ce tambayar ita ce: yara 38 za su je musabaƙa, kowace adaidaita sahu tana ɗaukar 4, guda nawa za a kira? Za a sami mai zana da'irori yana zuba ɗigo huɗu-huɗu. Za a sami mai tara 4 da 4 har ya wuce 38. Wani zai ɗebe huɗu-huɗu daga 38. Wani zai raba ya ce 9 saura 2, wani ya ce 9, wani 10, wani ma ya tara ya ce 42. Ƙungiya mai wayo za ta tanadi tagwayen tambayar da lambobi iri ɗaya: yadi 38, kowane ɗinki yana cin yadi 4, ɗinki nawa za a samu? Amsa 9. Lemo 38 a raba wa mutum 4 daidai wa daida? 9 da rabi. Rabawa ɗaya, amsa uku, kuma labarin ne kaɗai yake faɗin wacce ce daidai.

Ranar darasin, mutum ɗaya ne yake koyarwa. Minti biyar zuwa goma na gabatar da tambaya, ba tare da an nuna hanya ba. Minti goma zuwa sha biyar yara suna fama da kansu, malami yana zagayawa da takarda yana rubuta wa ya bi wace hanya, yana tsara wanda zai fara kira da wanda zai biyo. Sai babban sashen, neriage, kalmar da ke nufin cuɗawa da gogewa: a fito da hanyoyi uku ko huɗu a allo, a sa yara su kwatanta, ina ɗigon wannan ya shiga a lissafin wancan, wace hanya ce za ta yi aiki idan yaran 380 ne. Sai taƙaitawa ta minti biyar. Allon ma shirya shi ake tun a gida, kuma ba a gogewa har a tashi, don yaro ya ga tafiyar darasin daga hagu zuwa dama.

Sauran malamai da baƙon masani suna tsaye a gefe, idonsu a kan littattafan yara. Ba sa taimaka wa kowa, ko da sun ga yaro yana nitsewa. A salon da aka daidaita a Ingila, ana zaɓar yara uku tun farko, mai ƙarfi, matsakaici da mai rauni, a rubuta abin da ake zaton kowanne zai yi, a sa masa mai lura, a kuma yi masa gajeriyar hira bayan darasi. Ga aji mai cunkoso wannan ya fi dacewa. Sau da yawa a nan ne malami yake gano cewa yarinyar da ya ɗauka ba ta jin komai tana da hanya mai kyau, rubutawa ce ta gagare ta.

A zaman bayan darasi wanda ya koyar ne yake fara magana, sai waɗanda suka shirya tare da shi, sai masu lura, kowa da hujjarsa daga littafin wani yaro. Masani shi ne na ƙarshe. Aikinsa ya ɗaga abin da aka gani ya haɗa shi da manhaja da bincike, ya nuna mataki na gaba. Idan ya fara magana tun farko, zaman ya mutu, domin babu malamin aji biyu da zai musa wa dakta.

Shin dole ne sai da masanin? Catherine Lewis da Rebecca Perry sun gwada makusancin wannan a Amurka, wato amfanin ilimin da ke zuwa daga waje, suka wallafa a 2017. Ƙungiyoyin malamai 39 aka rarraba ta hanyar ƙuri'a. Waɗanda suka yi nazarin darasi tare da ƙunshin kayan bincike kan koyar da ɓangarorin lamba, irin su rabi da sulusi da rubu'i, su ne iliminsu da na ɗalibansu ya fi ƙaruwa a wannan fanni. Zaman malamai su kaɗai, babu sabon ilimi daga waje, yakan zama jujjuya abin da kowa ya riga ya sani.

Inda abin yake lalacewa

Lalacewa ta farko ita ce darasin ya koma wasan kwaikwayo. An ji baƙi za su zo, sai a zaɓi gwanin malamai, a koya wa yara amsar tun jiya, a ce masu rauni su koma bencin baya. Kowa ya tafa, ba a ga komai ba. Darasin nazari da babu kuskuren yaro ko ɗaya a cikinsa asara ce. Tushen wannan tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili idan wanda ke rubuta rahoton ƙarin girma yana zaune a ɗakin. Dole a raba wannan aiki da duba makarantu, a kuma faɗa a fili cewa darasin na ƙungiya ne, ba na wanda ya riƙe alli ba.

Ta biyu tausayi ne. Malami ya ga yara sun yi shiru minti biyu, sai ya ce "to, ba rabawa za ku yi ba?" Da wannan jimla ɗaya ya ɗauke musu duk tunanin, ya bar musu aikin hannu. Daga nan ne ake samun koyar da kalmomin sirri, wai in ka ji "fi" ka tara, in ka ji "saura" ka ɗebe. Sai a kawo: Ladi tana da ƙwai 8, ta fi Talatu da 3, Talatu nawa gare ta? Aji duka ya ce 11.

Akwai kuma baje-koli maras ciniki: yara biyar su fito su nuna hanyoyinsu, a tafa wa kowa, a tashi ba a kwatanta ba. Neriage shi ne sashe mafi wuya, kuma shi ne wanda ake fara yankewa idan lokaci ya ƙure.

Ta ɓangaren mai bincike, laifin da aka fi sani shi ne ya zo ya kwashi bayanai ya ɓace, sai bayan shekara biyu takarda ta fito da Turancin da malamin ba zai taɓa gani ba. Agogonsu ma ba ɗaya ba ne: shi yana lissafi da shekarun tallafin bincike, malami yana lissafi da makonnin zango da jarrabawa. Gyaran wannan sai an yi shi a rubuce tun farko: sakamakon gwaji ya dawo makaranta cikin mako biyu, a harshen da ake aiki da shi, sunayen yara a ɓoye, sunan malami a kan rahoto idan ya so.

Salon nazarin darasi ya shigo Afirka ta hannun JICA, hukumar Japan mai tallafa wa ƙasashe. Kenya ta fara shirin ƙarfafa lissafi da kimiyya a 1998, Zambiya ta fara nazarin darasi a Lardin Tsakiya a 2005, Najeriya kuma ta fara nata shirin ƙarfafa lissafi da kimiyya na firamare, SMASE, a 2006 a jihohin Kaduna, Neja da Filato. Rauninsa a inda aka dogara da horon gangare, wato a horar da 'yan kaɗan a sama su horar da na ƙasa, su ma su horar da na ƙasansu, shi ne fom da sunayen matakai ne suke isa ƙasa, dalilan kuwa su zube a hanya. In alawus ya tsaya, taron ya tsaya. Abin da ke ɗorewa shi ne wanda aka saka cikin jadawalin makaranta: awa ɗaya a mako, darasin nazari ɗaya ko biyu a zango, da malamin kwalejin ilimi mafi kusa da zai riƙa zuwa da kansa.

A ƙasar Hausa akwai abu biyu da babu masanin waje da zai kawo su, sai malamin aji. Na farko harshe. Littafi da Turanci ne ko Faransanci, tunanin yaro da Hausa. Idan aka yi hirar Newman sau biyu, da harshen littafi sannan da Hausa, nan take za a ga ko lissafin ne ya gagara ko harshen. Hausar ma sai an auna ta. "Tsuntsaye sun fi tsutsotsi da nawa?" ta fi "tsuntsu nawa ne ba zai sami tsutsa ba?" wuya nesa ba kusa ba, kamar yadda Tom Hudson ya nuna da yaran Amurka a 1983, alhali lissafin ɗaya ne.

Na biyu shi ne lissafin da yaro ya zo da shi daga gida. A Recife ta Birazil, Terezinha Nunes da abokan aikinta sun bi yara biyar masu sayar da kaya a titi, suka wallafa a 1985: a bakin ciniki sun ci kusan kashi 98 cikin ɗari na tambayoyin, da aka rubuta musu lambobin zalla a takarda sai suka dawo kusan 37. Duk wanda ya taɓa karɓar canji a hannun 'yar talla ya san wannan. Ba ta ɗebewa da aro, cikawa take yi daga kuɗin kaya zuwa abin da aka ba ta. Ƙirgen Hausa kansa yana ɗauke da dabara: ashirin ba ɗaya, talatin ba biyu. Yaron da ya san 19 ita ce ashirin ba ɗaya yana da hanyar yin 47 + 19 a ka, ya ƙara 20 ya zama 67, ya mayar da ɗaya, 66. Ƙungiyar da ta saka wannan cikin hanyoyin da take zato za ta gan shi a aji, ta fito da shi allo kusa da hanyar littafi.

Kunya ma sai an yi mata tanadi. Sabuwar malama ba za ta ce wa dattijon da ya koyar da ita darasinsa bai yi ba. Don haka ƙa'idar zaman ita ce ba a cewa "Malam ya yi kaza", sai dai "yaron da ke benci na uku ya rubuta 9, da na tambaye shi sauran biyun fa, ya ce su hau cinya". Ƙananan malamai su fara, manya su biyo.

Wajen auna ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, tambaya takwas zuwa goma sun isa, a farkon zango da ƙarshensa. A sa mai farkon da ba a sani ba, a sa ta kwatanci irin ta Ladi da Talatu, a sa mai saura, a sa akwatin 8 + 4, a kuma sa guda ɗaya da ba ta da amsa, irin ta tumaki da awaki. Kada a tsaya kan ƙirga maki. A ware takardun gida-gida bisa hanyar da kowane yaro ya bi, a ƙirga nawa ne suka tashi daga zana ɗigo zuwa aiki da goma, nawa ne kuma suka rubuta a ƙarƙashin tambayar jirgin cewa ba a faɗi abin da zai sa a san shekarun matuƙin ba.